Hawainiya a gindin lallen Inna

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, cikin garin Tawa, ban yi aure ba, ina zaune gida da mahaifiyata, na taɓa kiwon hawainiya. Ban cika ba da labarin ba, don duk wanda na faɗa wa sai ya dube ni kamar mai bukatar addu'a.

Da kaka ne. Na je Takanamat duba hatsin gonarmu, ina dawowa kan moto, wato babur, da yamma, sai na hango hawainiyar tsakiyar hanya, tana ɗaga ƙafa tana mayarwa, ga motar kasuwa tafe a bayana. Na tsaya don in kawar da ita gefe kawai. Na miƙa mata kara, ta kama, ta biyo shi har hannuna, ta naɗe wutsiya a yatsana. Ido ɗaya yana kallona, ɗaya yana kallon inda ta fito. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na cire hula na sa ta ciki, na cusa hular a riga.

Ni ne ɗan fari, don haka mahaifiyata, wadda nake kira Inna, ba ta taɓa kama sunana ba. "Wanga" take ce mini, in kuma tana jin tsokana ta ce "Mushe", yadda 'yan lakwal ke kirana. Ta ga na shigo kai ba hula, ina riƙe da ciki.

"Mi ka ɗauko muna?"

Na buɗe mata. Ta ja da baya har ta taka faifai.

"Tsaranka na kawo ma uwayensu suruka, kai ka kawo man hawainiya. In ta tofa ma yawu a ido ka makance, kada ka ce ban hwaɗi ba."

Na ce ba ta tofi, Inna. Ta ce in ta tofa ai na sani.

Ni duk abin da na sani na kiwo, na kaji ne. Don haka na jawo tsohon akurki, na share, na sa mata reshe ciki, na ajiye kasko cike da ruwa. Abinci bai ba ni wahala ba, fara ta yi yawa a shekarar. In na dawo daga lakwal sai in bi bayan gari da leda ina kamu, babban mutum da ni, masu kabu-kabu suna wucewa suna gaishe ni da aiki. Da farko ta ci. Sai ta tsaya ƙyam, ta haɗa idanun biyu wuri guda, kafin ka ƙifta harshe ya tafi ya dawo, fara ta ɓace.

Bayan 'yan kwanaki sai ta daina. Idanun suka faɗa ciki, fata ta yamutse, koren ya koma launin toka. Na kira abokina da ke aikin jinya, ya zo yana dariya tun daga zaure. Amma da ya durƙusa ya dube ta, sai ya ce, "Da mutum ce, sai in ce ruwan jikinta ya ƙare."

Na nuna masa kasko, cike fal. Ya ce shi dai abin da ya gani ke nan, kuma in ta cika in kai wa masu magani na kasuwar Lahadi, sun fi son ta busasshiya.

Na canja kasko da faranti, na canja faranti da murfin kwalba, har sukari na jefa ciki. Ko kallon ruwan ba ta yi ba. Daga ƙarshe na yi mata abin da ake yi wa ɗan tsako, na kama wuyanta na tsoma bakin cikin ruwa. Ta yi baƙi ƙirin a hannuna, ta kumbura, ta yi huci, ta cije ni a babban yatsa. Ranar na ji ba daɗi ƙwarai, don na tabbata mutuwa za ta yi, kuma ni na ɗauko ta daga inda take rayuwarta.

Inna ta ce, "Kada ta mace man cikin gida. Hitar da ita."

Na ce ranar hutu zan mayar da ita daji. Kafin nan, tunda akurkin ya yi zafi, na ɗora ta kan lallen da ke bayan ɗakin Inna, don ta samu inuwa.

Sai in ɗan faɗi wani abu game da lallen nan. Inna ta tashi a wani ƙauye can arewacin Adar, inda ake jan ruwa da jaki saboda zurfin rijiya. Ta yi shekaru a birni, ga famfo cikin gida, amma ba ta taɓa yarda ruwa ya zuba a banza ba. Ruwan wankin shinkafa na akuya ne, na wanke-wanke na yayyafin tsakar gida, alwala kuwa a gindin lalle take yin ta, kowace salla. Shi ya sa duk gidan, wurin ne kaɗai ƙasa ke da laima.

Da la'asar ta jawo kujerarta da buta, ta ce in matsar da dabbata. Na ce tana can sama, ba ta ma da ƙarfin motsi. Ta yi alwalarta, ta yarfe hannu kamar kullum, ruwan ya fantsama kan ganye. Ina zaune bakin ƙofa sai na ga reshe yana rawa. Hawainiya ce take saukowa, a hankali, har ta iso ganyen da ɗigon ke rataye. Ta buɗe baki ta lashe. Ta matsa wani ganyen ta lashe. Ashe ita ruwan da ke kwance cikin mazubi ba ruwa ba ne a wurinta, sai wanda ke ɗiga yana ƙyalli kan ganye, kamar raɓa.

Inna ta gani. Ta ɗan tsaya da buta a hannu, sannan ta karkata ta, ta tsiyaya sauran ruwan daga saman reshen.

"Lallen ga ya yi yaushi," in ji ta, ta shige ɗaki.

Ranar hutu ta zo ta wuce, ba wanda ya tayar da zancen daji. Ido ya ciko, kore ya dawo, ta koma cin fara. Na koyi cewa ba a ɓamɓaro ta daga reshe, hannu ake shimfiɗa mata a ƙasa, in ta ga dama ta hau. Yawanci ba ta ganin dama. Inna kuwa kullum lalle yana yin yaushi, sau biyar a rana.

Wata safiya na tarar da hawainiyar a ƙasa, tana tona rami a gindin lallen, har rabin jikinta ya shige. Na miƙa hannu zan ciro ta, Inna ta ce daga madafa, "Bar ta. Mace ta, ka ba ta wuri." Ta wuni a ramin, ta fito a rame, ta mayar da ƙasa ta daddaɓe. Ba ta daɗe ba bayan haka. Na same ta a ƙasan reshe ta mutu, na binne ta bayan gida, na mayar da akurki inda na ɗauko shi. A wurina magana ta ƙare.

Abin da na lura da shi kawai, Inna ta ɗan gusar da kujerarta, ta daina zuba ruwa daidai kan wurin ramin, sai gefensa. Ta kuma kewaye shi da fasassun tubali saboda kaji. Bazara ta zo, famfo ya riƙa ɗaukewa, ana lallaɓa ruwan randa, amma gindin lalle bai bushe ba. Ban tambaye ta ba, don na san amsar.

Bayan ruwan farko na damina, ina shirin fita, na ji ta daga bayan ɗaki.

"Mushe, taho ka ga aikinka."

Ashe ƙwai ta binne a ramin. 'Ya'yan suna nan kan ganye, ƙanana, ba su kai ɗan yatsa ba, kowace da idanunta masu juyawa. Wasu na hawa katanga. Inna na tsaye da buta cike, kuma ba lokacin salla ba ne.

Ban sake kiwon komai ba tun daga nan, kuma ba na ba kowa shawarar ya ɗauko hawainiya daga daji. Amma na daɗe, tun ina yaro, ina jin haushin matar da ba ta kiran sunana, ba ta yaba mini a gaban mutane. Daga shekarar nan na daina sauraron abin da take faɗa, na koma duban inda take zuba ruwa.