Uwar Faifai, Wadda Ta Ƙi a Zuba Ta Cikin Na'ura

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayiyar da ma'aikatan gidan rediyo suka sani da Uwar Faifai a shekarar 1951, a wani ƙaramin gari na bakin layin dogo, a gida na uku daga tasha. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta kuwa tela, kuma ita ce ta biyu cikin 'ya'yansu biyar. A shagon mahaifinta ta tashi, a nan kuma ta ɗauki ɗabi'ar da ta bi ta har kabari: duk abin da aka ce mata ba ya lalacewa, sai ta juya bayansa ta nemi inda ake kwance shi.

Karatu da kama aiki

Ta shiga firamare a 1958, ta kammala sakandare a 1969, bayan shekara biyu kuma aka ɗauke ta aiki a ɗakin adana faifai na gidan rediyon babban birni. Ɗaki ne a ƙarƙashin bene, ba taga, sai kantocin ƙarfe har rufi da fanka mai kuka. Da reza da ɗan salatif take yanke tari daga tsakiyar jawabi, ta haɗe zaren faifan ba wanda zai ji gaɓar. Mai rubuta wannan tarihi ya yi shekara goma sha tara a teburin da ke kusa da nata, kuma har yau idan ya ji warin faifai sai kewar ɗakin nan ta kama shi.

Aure da iyali

A 1975 ta auri wani mai karanta labarai da ake yi wa laƙabi da Gyaran Murya, domin ba ya buɗe baki sai ya yi gyaran murya sau biyu, ita ce kuma mai yankewa. Allah ya ba su 'ya'ya uku. Zamansu na lafiya ne, in ban da agogon falo: shi yakan tura shi gaba da minti goma don kada ya makara, ita 'yar mai gyaran agogo ta mayar da shi daidai. Shekara talatin da biyar suna wannan, ba wanda ya gaji.

Shekarun “har abada”

A 1994 wasu ƙwararru masu taye a wuya suka zo da faifan sidi, suka tabbatar wa hukuma cewa abin da aka zuba a kansa ya zauna ke nan har abada. Aka kwafe komai, aka zubar da tsofaffin faya-fayan don a sami wurin ofis. Marigayiya ta yi magana, aka ce mata duniya ta ci gaba. Abin da ta iya kawai shi ne ta sa faifai ɗaya a jakarta, mai ɗauke da muryar mijinta kafin a yanke gyaran muryar. Ba a cika shekara goma sha huɗu ba sai ga bayan sidin ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa. A 2008 aka kwashe abin da ya rage zuwa kwamfuta, ita ma da nata “har abada”, sai ga kwamfutar ta mutu wata Talata da kashi ɗaya cikin uku na muryoyin. Uwar Faifai ta ɗauki tsintsiya ta share ɗakin, wallahi da faɗa ta yi da ya fi mana sauƙi. Mijinta ya rasu a 2010, ta yi ritaya a shekarar da ta biyo baya.

Al'amarin Auta

Autanta injiniyan kwamfuta ne a wani kamfani a ƙasar waje, yaro mai kirki da yawan alkawari. Ya yi imani cewa nan da shekara ashirin na'ura za ta zarce ɗan'adam basira, a kwafe hankalin mutum a zuba mata, mutuwa ta zama tsohon yayi. Saboda haka bai ga abin gaggawa a zuwa gida ba. Duk sanda ta tambaye shi yaushe, sai ya ce, “Mama, ai lokaci na nan.” Shekara huɗu ba ta sa shi a ido ba sai ta fuskar waya, abin kuwa yana cin ranta.

A 2022 ya nemi kwafin faifan nan na jaka, ya haɗa wata na'ura mai magana da muryar mahaifinsa, ya kunna mata ta waya. Marigayiya ta saurara, sannan ta ce da muryar, “Maigida, agogon falo daidai yake.”

“Gaskiyarki,” in ji na'urar.

“Kashe shi, Auta,” ta ce. “Shekara talatin da biyar babanku bai taɓa ce mini gaskiyarki ba.”

Faifai arba'in

A farkon 2023 likita ya shaida wa iyali cewa zuciyarta ta yi rauni. Hankalin Auta ya tashi, ya roƙi a naɗi maganarta ta sa'a arba'in, wai da ita za a gina kwafinta idan ranar ta zo. Kowa ya ɗauka za ta ƙi. Sai ta yarda, bisa sharaɗi biyu: a kan tsohuwar na'urarta za a naɗa, kuma shi da kansa zai zauna ya yi tambayoyin.

“Mama, ai ana iya yi ta waya.”

“Waya tana cin murya. Kai da ka san aiki?”

Ya ɗauki hutu ya zo. Kullum da yamma suna falo a ƙarƙashin agogon nan, faifai yana juyawa, allurar na'ura tana rawa, ita tana ba shi labarin shagon kakansa, da ranar da mahaifinsa ya yi atishawa a tsakiyar labaran duniya, da yayarsa da ta haɗiye maɓalli. Kowane faifai ya cika ta rubuta masa lamba, ta kulle a kabad, ta ce ba mai taɓawa sai bayan ranta. Sa'a ɗaya aka yanka, amma sau da yawa faifai yakan ƙare ba wanda ya lura. 'Yan'uwansa sun ce rabon da su ji dariyarta haka tun mahaifinsu na da rai.

Rasuwa

Ta rasu da safiyar wata Laraba a watan Maris na 2024, tana da shekara saba'in da uku, aka binne ta a ranar kusa da kabarin mijinta. Bayan mako guda Auta ya buɗe kabad. Faifai na ɗaya ba komai sai shuuu, haka na biyu, haka na goma. Da ya kwance bayan na'urar ya tarar an zare wayar da ke kai sauti kan zare, an naɗe bakinta da salatif tsaf, irin naɗin da duk wanda ya yi aiki da ita zai shaida. A na arba'in ne kaɗai, wanda ta mayar da wayar ta sake naɗawa ita ɗaya, ya ji muryarta ta minti guda:

“Auta, kada ka ji haushina. Sau biyu aka ce mini har abada, sau biyu na share ɗakin da hannuna. Kwana arba'in nake so da kai, na kuwa samu. Abin da na faɗa maka yana kanka, ka faɗa wa 'ya'yanka da bakinka. Agogon falo kuma, ku tura shi gaba da minti goma, babanku ya ci.”

Auta ya yi kuka sosai, ya kuma yi fushi na wasu kwanaki. Har yanzu yana aikinsa, bai kuma fasa zancen shekara ashirin ba, sai dai duk hutu yana gida da yaransa, yana ba su labarin maɓalli, yayarsa tana gyara masa inda ya ƙara gishiri.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku: babbar 'yarta malamar asibiti, mai bi mata direban jirgin ƙasa, sai Auta, da jikoki bakwai. Ta kuma bar faifai arba'in, talatin da tara daga cikinsu babu komai a kai. Allah ya jiƙanta da rahama.