Ranar da Na Shiga Zaure Saboda Ɓeran Masar

Asabar ce bayan azahar, a kakar shekarar da manyan motoci suka fara ture ƙasa a Watari. An yi wa Baba gayyar cirar gyaɗa, maza sun dawo daga gona ƙafa duk jar ƙasa, sun cika zaure suna jiran fura. Ni kuwa ina bayan rumbu a durƙushe, na manna ido a jikin akurkin zomaye, ina kallon abin da ya fi ƙarfina.

Ɓeran Masar gare ni a lokacin, mace, fara mai dabbaren ja a gadon baya. Kawuna ne ya kawo mini ita cikin kwando, na sa mata suna 'Yar Birni. Kafin ita ban taɓa mallakar komai ba, ko ɗan tsako. A ƙarƙashin gadon Inna take kwana, cikin wata tsohuwar tukunya mai fasasshen baki. Idan na kai abinci gona na dawo, sai na biyo da ganyen dankali da ɗanyen harawa a bakin zani, tun daga ƙofar gida take jin tafiyata ta fara ɗan kukanta. Ƙawayena na carafke a gindin tsamiya, ni ina tsince mata tsakuwa daga cikin dusa. Damuwata ɗaya, ita kaɗai ce, duk ƙauyenmu babu namijinta. Kajin ƙawayena na ƙyanƙyashewa, tawa tana zaune tana ƙiba.

Sale, ɗan baffana da muke gida ɗaya, shi ne mai zomayen, yana da wani ƙaton namiji baƙi. Shi ya ce mini, "Ai kunne ne kawai bambancinsu. Jaki da doki ma ba alfadari suke haifa ba?" Na ga kamar magana ce. Da hantsi ya saka ta wurin baƙin zomon, ya danna ɗan kwaɗonsa da yake ji da shi, ya rataya makullin a wuya, ya bi samari kallon motoci.

Abin da na gani ta ramin akurkin nan ba na son tunawa. Zomon ya bi ta kusurwa zuwa kusurwa, ya danne ta, ya kama ƙeyarta da haƙori, in ta zame ya sa ƙafar baya ya make ta. Da fari tana kuka. Can sai ta daina kukan. Na ruga wurin mata, suna ta dama fura, gumi na zuba, na roƙe su a fasa kwaɗon. Goggo ta ce, "A kan ɓera za a fasa kwaɗon namiji? Ki bari maza su watse." Inna ba ta ko ɗago kai ba.

To, ni 'yar fari ce. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa ɗaukata a gaban mutane ba, in zai yi zancena sai ya ce "yarinyar nan". Ni ma ban san launin ƙwayar idonsa ba. Kuma 'ya mace ba ta shiga zaure in maza na ciki, sai dai ta durƙusa ta ajiye ƙwarya ta fita da baya.

Na ɗauki ƙwaryar fura kamar an aike ni. Na shiga, na durƙusa, na ajiye, sai na ƙi tashi. Liman na nan, mai unguwa na nan, da duk wanda ya riƙe wa Baba fartanya a ranar. Na buɗe baki na ce, "Baba, zomon Sale ya hau 'Yar Birni ya ƙi sauka. Wai zomo yana yi wa ɓeran Masar barbara?"

Ludayi ya tsaya a hannun liman. Wani ya yi tarin da ba na tari ba, wani saurayi ya cusa baki a hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Baba ya zuba wa tabarma ido, sannan ya ce da baffana, "Wa ya bar yarinyar nan ta shigo?" Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Tsoho Tanko wanzami ne ya amsa mini, shi da ya yi yawon duniya. Ya ce, "Jikanya, ba jinsinsu ɗaya ba. Ciki ba za ta ɗauka ba, baya zai karya mata. In da sauran numfashi, a hanzarta."

Baba ya miƙe, ya ɗauki fartanya a bakin ƙofa, ya ratsa tsakar gida, mata na kaucewa, ina binsa daga nesa. Bugu ɗaya ya yi wa kwaɗon. Ya zura hannu ya ciro ta, bai miƙo mini ba, a ƙasa ya ajiye ta, ya juya ya koma wurin baƙinsa.

Ta rayu, sai dai tana jan ƙafar baya har ta mutu. Ni ce ban warke da wuri ba. Kafin ƙwarya ta fito daga zaure labari ya riga ya tsallaka katanga. Inna ta ja ni ɗaki, ba ta doke ni ba, da ma dukan ta yi. Cewa ta yi a hankali, "Kin zubar wa mutumin nan da girma a gaban gayyarsa." Washegari a bakin rijiya aka raɗa mini Ta-zaure. "Ta-zaure, yau kuma wace fatawa za a kai wa liman?" Na daina zuwa gaɗa har kaka ta wuce. In na ji takun Baba sai in shige bayan turmi. Sale kuwa faɗa ɗaya aka yi masa, aka manta. Sunan ya bi ni har gidan aure, kuma har yau akwai tsohuwa ɗaya a ƙauyenmu da ba ta san ni da wani suna ba.

Bayan an sayar da gyaɗa, wata ranar kasuwar Bichi, na tarar da kwando a kife a ƙofar ɗakin Inna. Na ɗaga, sai ga ɓeran Masar namiji, ja. Inna ta ce ba ta ga wanda ya ajiye ba. A gidanmu mutum ɗaya ne ya je kasuwa ranar. Suka hayayyafa har suka cika ƙarƙashin gado, ni kuwa ban sami bakin da zan gode masa ba har Allah Ya karɓi abinSa.

Yanzu ina zaune a Ungogo wurin babban ɗana, inda gonaki suka koma gidaje. 'Yarsa ta fari, Hafsa, tana karatu a jami'a, tana kiwon wasu 'yan ɓerayen Turawa da take kira hamsta, kowanne da kejinsa. Rannan suna cin abinci a falo na ji tana yi wa ubanta bayani tiryan-tiryan: babban ba a haɗa shi da ƙananan, kashe su zai yi, cikin ƙananan ma akwai masu kama da juna waɗanda in aka haɗa su, uwar na wahala wurin haihuwa, 'ya'yan su fito da ciwo. Ya yi dariya ya ce, "To Hafsa, wanne za a aurar wa wanne?" Ya kira sunanta, yana kallon fuskarta, ita ma tana kallon tasa.

Na ja mayafi na sunkuyar da kai, don kunyar ba ta sake ni ba. Ban ce nasu ya fi namu ba. Amma da na so in ji yadda sunana yake a bakin Baba, ko sau ɗaya.