Indararon Cyril

Hilda Tranter ce ta koya mini aikin zagayawa da baƙi a kwalejinmu ta Oxford. Ba da tarihi ta fara ba, cewa ta yi in fara iya tafiya da baya-baya ina magana, laima a sama, ba tare da na ci tuntuɓe ba. Tarihi kuma, in ji ta, zai shiga kaina ko ina so ko ba na so. Mace ce 'yar mitsitsiya, amma in ta buɗe baki a zauren cin abinci, har wanda ya laɓe a bakin ƙofa yana ɗaukar hoto sai ya ji. Na so ta ƙwarai, ko da yake ta sha ba ni haushi.

Kowa da hanyarsa ta zagayen. Ni nakan bi ta ɗakin ibada, in nuna tagogi masu launi, in fito da mutane ta gindin hasumiya. Ita kuwa duk inda ta bi, a tsohuwar farfajiya take ƙarewa, can lungun da rana ba ta cika leƙawa ba. A nan bakin rufin ɗakin karatu yake da jerin indararo na dutse, kowanne an sassaƙa shi da siffar kai, baki a wangame, ruwan sama na zubowa ta ciki. Akwai mai kan alade, akwai mai ƙaho. Na kusurwar kan mutum ne.

"Wannan fa, wane waliyyi ne?" Ba a rasa baƙon da zai tambaya.

"Mijina ne," in ji Hilda.

Sai a kwashe da dariya, a ɗauka barkwancin 'yan jagora ne. Ita dai ba ta dariya.

Gaskiya take faɗa. Cyril Tranter lebura ne, shi ke miƙa wa magina dutse lokacin da aka yi wa rufin gyara, suna sabon aure. Surutu gare shi kamar ya ci aku, shi ya sa tsohon masassaƙin ya ɗauki fuskarsa ya ɗora a indararo don tsokana, ya ce tunda bakin ba ya rufuwa, bari a ba shi aiki. Mu 'yan gari ba ma son wannan wasan. Tun muna yara ake ce mana wanda ya ara wa bango fuskarsa ba ya daɗewa. Cyril ya yi dariyar maganar har da buga cinya. Kafin sanyin shekarar ya wuce ciwon ƙirji ya ɗauke shi.

Ɗan gari ba ya shiga kwaleji haka kawai, sai da dalilin aiki. Don haka Hilda ta zauna ta haddace shekarun gini da sunayen shehunan malamai da suka mutu tun kafin kakanninta, ta nemi aikin jagora, ta samu. Hotunanta da Cyril sun tafi a ambaliyar da ta shiga gidansu na bakin kogi. Guda ya tsira, na ranar aure, shi ma Cyril ya juya kai yana yi wa wani magana, fuskar ta fito dishi-dishi. Abin da ya rage mata na kamanninsa shi ne wannan dutsen.

Dutsen garinmu kuwa laushi gare shi, ruwa yana cinsa kamar sabulu. Lokacin da na zo, hancin ya riga ya baje, kunne ɗaya ya tafi. Hilda ba ta ɗauki wannan lalacewa ba.

"Tsufa yake yi, Beryl," ta ce da ni. "Da so kike in tsufa ni kaɗai, shi yana can sama yana yauƙi?"

"Yaya Hilda, dutse ne fa."

"Ke ma kanki dutse ne, ai ba a hana ki albashi ba."

Wata ranar Laraba da rana ruwa ya tsuge muna tsakiyar aiki. Na tara baƙina a ƙarƙashin rumfar dutse, na hango nata baƙin sun takure a gefe babu jagora. Tana can kusurwa, laima a rufe a hannunta, ta ɗaga kai. Na ruga in janyo ta. Sauran indararon duk shaaa suke yi, irin ƙarar ruwan da kowa ya sani. Na kusurwar daban yake. Wani guna-guni ne yake fitowa daga maƙogwaronsa, ya tashi, ya sauka, ya ɗan tsaya kamar mai jiran amsa, sannan ya ci gaba.

"A'a," Hilda ta ce, a hankali. "Na biya mai gyaran, kai ne dai ba ka ji ba."

Ruwan ya sake guna-guni.

"To, na ji. Ga Beryl nan, ka yi shiru."

Ya tsaya. Ruwan sama bai tsagaita ba, sauran indararo ba su fasa zuba ba, amma wannan ya tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ya ɓarke. Na san ganye kan toshe bututu ya sake. Na faɗa wa kaina haka har na isa gida, amma tsikar jikina ba ta kwanta ba, kuma tun ranar ban ƙara juya wa kusurwar nan baya ba.

Da bazarar bara wani ɓangare na haɓar indararon Cyril ya ɓallo ya faɗo kusa da ƙafar wata baƙuwa. Hukumar kwaleji ta ce a sauke shi a sa sabo. Ba mugunta suka yi ba, kowa ya ga tsagar da ta ratsa goshin. Hilda ta daina cin abinci sosai. Shayin da muke sha tare da safe sai ya huce a gabanta. Da na ga abin ya yi yawa, na ja ta zuwa rumfar magina wurin Owen Lathbury, masassaƙin da aka ba aikin, mutum mai sanyin hali wanda ƙurar dutse ta mai da gashinsa fari tun bai tsufa ba.

"Inna, ni ba ni da matsala," ya ce. "An ce in yi kan mutum, ba a ce na wane ba. Amma dubi abin da aka sauko mini da shi." Ya yaye buhun da ya rufe tsohon kan. Dunƙule ne kawai mai rami a tsakiya. "Me zan kwaikwaya a nan?"

"Ni zan gaya maka," in ji Hilda. "Akwai wanda ya san fuskar nan kamar ni?"

Haka aka yi. Kullum ta sallami baƙinta sai ta wuce rumfar, ta zauna a kan akwati, tana faɗa yana sassaƙa. Ta hana kowa leƙawa, har ni. Daga waje nakan jiyo ta: "Ƙara rage kumatun. A'a, ɗan nan, idon bai kai haka girma ba. Kai wai ba ka taɓa ganin kyakkyawan namiji ba ne?" Ta dawo da cin abinci, har ta fara tsokanata kamar da. Owen ne na ga yana ramewa. Sau ɗaya ya tare ni a bakin ƙofa kamar zai yi magana, ya fasa, ya ce sanyi ya kusa.

Ranar da aka cire tamfol ɗin da ya rufe sabon kan a bakin rufin, mu kaɗan ne a farfajiyar: ni, da Hilda, da Owen, da masu gadin ƙofa biyu. Hadari ya haɗu amma bai zubo ba. Muka ɗaga kai gaba ɗaya.

Fuskar Hilda ce. Tsinin haɓarta, ƙananan idanunta, ramukan kumatunta, har da yadda girarta ta hagu ta ɗan fi ta dama tashi. Baki a wangame, kamar tana kiran wani daga nesa. Ɗaya daga cikin masu gadin ya cire hularsa bai san ya cire ba.

Owen ya matso kusa da ni. "Wallahi Anti, abin da ta faɗa na yi. Duk inda na kauce sai ta dawo da ni. In ta rasa kalma, sai ta shafa nata fuskar ta ce, kamar nan."

Na juya wurin Hilda, ina neman abin da zan ce mata. Hawaye ne ke bin kumatunta, amma murmushi take yi, irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Shi ne," ta ce. "Ga shi nan sak. Beryl, kin ga abin da nake gaya miki? Kin ga kyau?"

Na ce na gani.

Har yanzu tana aiki, ko da yake tafiyar ta yi nauyi, kuma tari ya kama ta tun shigowar sanyi. Jiya na wuce ta farfajiyar na tarar da ita da baƙi a kusurwa. Wata mata ta nuna sama ta tambaya ko wane ne. Hilda ta ba ta amsar da ta saba bayarwa. Babu wanda ya yi dariya. Suka dubi dutsen, suka dube ta, sai na ga matar ta kamo hannun mijinta, suna ja da baya a hankali.