Tsohuwar Wayar Ɗakin Baba

Tun ranar da aka kawo ni gidan nan nake tsoron kanal. A bayan katangarmu yake. Ka buɗe ƙofar baya, ka ratsa 'yar gonar albasa, sai ga ka a bakinsa. Da rani idan aka saki ruwa, ba ya ƙara ba ya kumfa, tafiya kawai yake yi shiru, gefensa kuma siminti ne da gansakuka ta lulluɓe. Wanda ya zame ba shi da abin kamawa. Duk wanda ya tashi tsakanin Kura da Bunkure ya san wani gida da aka taɓa zuwa gaisuwa saboda ruwan nan.

Gidan na surukina ne, mahaifin maigidana, Baba muke ce masa. Yana cikin kwatas ɗin da aka gina wa ma'aikatan ruwa tun da can, biyu-biyu manne da juna, iri ɗaya sak har fentin ƙofofi. Aikin Baba a zamaninsa shi ne buɗe getin ruwa da rufe shi. Ofis su bugo masa waya, ya ɗora hula ya je ya murɗa ƙarfe, ruwa ya kwarara gonakin shinkafa. Layin ya mutu tun kafin a yi aurena, amma kan wayar yana nan maƙale a bangon ɗakinsa, baƙi mai nauyi, kullum sai ya goge shi da gefen rigarsa. Ba wanda ya isa ya taɓa.

Da tsufa ya fara taɓa masa tunani, sai ya koma cigiyar mutanen da suka daɗe da rasuwa. Wannan bai dame ni ba, ina amsa masa yadda ya sauƙaƙa. Abin da ya hana ni sakat shi ne yadda ya fara nufar ƙofar baya. Na ce a sa mata kwaɗo. Maigidan ya ce shi ba zai kulle mahaifinsa kamar akuya ba, sakata ta isa. To, shi da ke wuni a gona ai dole ya ce sakata ta isa. Ni ce a gida da girki da ɗinki da yara, ido biyu kuma Allah ya ba ni kamar kowa.

Maƙwabcinmu da muke bango ɗaya, malamin makaranta ne, shi ya kawo shawarar kyamara. An taɓa ɗauke masa injin ban-ruwa, sai ya kira wani mai haɗa kyamara daga Kura ya sa masa. Mutumin bai fasa bango ba, bai ja sabuwar waya ba. Tsohuwar wayar tarho da ke binne cikin ginin ya yi amfani da ita. Wai kowace igiya akwai siraran wayoyi a cikinta, wasu su ɗauki hoto, wasu su kai wa kyamara wuta. Duk wayoyin gidajen biyu a wani akwatin ƙarfe ɗaya suke haɗuwa, a jikin bango ta waje.

Mai kyamarar nan aka kira mana. Gidanmu ba a shiga, don haka iyakarsa zaure da wancan akwatin. Maigidan ne ya hau kan turmi ya ɗaura kyamarar a tsakar gida tana kallon ƙofar baya, ya jona ta a tsohon soket kamar yadda aka kwatanta masa. Shi kuma mutumin yana waje yana ta kwance wayoyi yana ƙullawa, ina jin sa yana tsaki wai duk launinsu ya koɗe. A zaure ya kafa ɗan akwatin da ke tura hoton ta intanet zuwa wayar hannu. Da hoto ya fito, na ji ya ce, "Alhaji, a sa wani ya tsaya gaban kyamarar mu tabbatar."

Yara suna makaranta, Baba yana barci. Ni kaɗai ce a ciki, da ɗaurin ƙirji, ina wanki. Maigidan ya ce, "A'a, ba sai an tsaya ba. Ai ga ƙofar nan muna gani, koriya, ga sakatarta." Aka tashi a haka.

Sai na samu sauƙi, ko in ce na zaci na samu. In jingina wayata a jikin keken ɗinki, ina taka keke ina satar kallon ƙofa. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Duk lokacin da aka kawo wuta, sai in ji wani ɗan sauti daga ɗakin Baba, ƙil, sau ɗaya, kamar an taɓa kofi da cokali. Na gaya wa maigidan cewa wayar Baba tana motsi. Ya yi dariya ya ce wayar da ta mutu tun ina goye.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, an saki ruwa, kanal ya cika har baki. Ina ɗaki ina haɗa wata riga, aka kawo wuta, na ji ƙil ɗin nan, ban kula ba. Na dubi waya, ƙofa a rufe, sakata a zure. Na ci gaba da ɗinki hankalina kwance. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, sai na ji matar malam tana kirana ta kan katanga.

"Maman yara, kina ciki? Wai ina Baba?"

Na ce yana ɗakinsa.

Ta ce, "Duba dai. Ɗazu na ga wani tsoho a wayata ya zare sakatar ƙofarmu ya fita. Na fito da gudu, na tarar da ƙofarmu a rufe. Na zauna ina ta addu'a, na ɗauka gamo na yi. Yanzu na tuna hular, irin ta Baba ce."

Na leƙa tsakar gida. Ƙofarmu ta baya a wangale take, iska tana kaɗa ta. Na dubi wayar da ke hannuna, ga ƙofa a rufe. Duk kwanakin nan ƙofar maƙwabta nake gadi, su kuma suna gadin tamu. Ban san sanda na fizgi hijabi ba, takalmi ma ban tsaya nema ba.

Na ratsa albasar mutane ina tattakawa. Da na hau bakin kanal, ruwan na fara dubawa, ba hanya ba. Wallahi hula nake nema a kan ruwa. Babu. Can gaba wata Bafulatana da ƙwaryar nono a ka ta ga yadda nake, ba ta jira na tambaya ba ta nuna mini wajen geti da hannu.

Yana can. Getin yana tsakiyar ruwa ne, ana isa gare shi ta kan wani siririn dakalin siminti da bai fi faɗin tabarmar salla ba, babu abin dafawa. Baba yana tsaye a kai, ya kama ƙarfen da hannu biyu yana ƙoƙarin murɗawa. An ɗaure ƙarfen da sarƙa, ba ya motsi, shi kuma yana ta jijjiga shi, duk jijjigawa sai dugadugansa su leƙa gefen dakalin. A ƙarƙashinsa ruwa yana shiga bakin getin yana juyawa.

Na so in ƙwala ihu, na danne. In ya firgita ya waiwayo, shi ke nan. Ga shi ni ban iya ruwa ba. Ga shi tun da nake ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba, balle in taɓa jikinsa, surukina ne. Na hau dakalin ina jan ƙafa, ina kallon bayan rigarsa kawai don kada in kalli ƙasa. Da na matso na rage murya kamar mai kawo masa abinci.

"Baba, sannu da aiki."

Bai waiwayo ba. Ya ce, "Sun bugo. Masu shinkafa suna jira."

Na ce, "Sun sake bugowa, Baba. Sun ce a bar shi haka, ruwan ya isa."

Ya tsaya da jijjigawar. "Su suka ce?"

"Su suka ce."

Ya saki ƙarfen a hankali, ya juyo, ƙafarsa ɗaya ta goce. Na cafke hannunsa. Ban san ina da ƙarfi haka ba. Hannun ba nauyi, sai ƙashi da sanyi. Muka tako tare har bakin ƙasa, ban sake shi ba har cikin gida, mutanen gona suna kallo, ban damu ba. A hanya fuskarsa sai walwala take. Ya ce mini, "Kin ga ba su manta da ni ba."

Da maigidan ya dawo na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa masa ba. Washegari aka dawo da mai kyamara ya gyara wayoyin. Wannan karon na zura hijabi na tsaya gaban kyamarar ina ɗaga hannu har sai da aka ce an gan ni. Aka gano igiyar ɗakin Baba tana haɗe da wadda aka sa wa wuta, shi ya sa wayar take motsawa. Maigidan da kansa ya sa almakashina ya datse ta ta bayan bango, inda Baba ba zai gani ba. Ya kuma sayo kwaɗo.

Har yau in aka saki ruwa ba na iya zama wuri ɗaya, sai in riƙa fitowa ina taɓa kwaɗon da hannuna, ban yarda da hoto ba. Baba bai ƙara nufar ƙofar baya ba. Ya ja kujerarsa ya ajiye a ƙarƙashin wayar, nan yake wuni da hularsa a kan gwiwa. In na shiga da koko da safe sai ya ɗago ya ce, "An bugo?"

Sai in ce, "Tukuna, Baba."