Dabul ɗin da Yaya Lawal ya bar mini

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana Malam Lawal, malamin Turanci a wata firamare ta Jibiya, kuma har yau ban san ko yabona ya yi ko zagina ba. Allah ya jiƙan shi, ya tafi ya bar ni da kalma ɗaya tana ta juya mini kai.

Wata ranar kasuwa na ɗauko buhun dabino biyu daga Maraɗi a kan babur. Wani jami'in kwastan ya tsayar da ni a boda, ya ce kama da babban ɗan sumoga nake. Aka kira Yaya. Ya zo da ƙurar alli a hannun riga, ya ja jami'in gefe suka yi ta Turanci. Kalma ɗaya tak kunnena ya kama: dabul. Jami'in ya dube ni sama da ƙasa, ya kwashe da dariya, ya ce in kama gabana.

To ni dabul ɗin da na sani ita ce ta tasha, ninki biyu, lodi kan lodi. Sai na ɗauka Yaya ya shaida wa hukuma cewa ƙanen shi aikin mutum biyu yake yi. Kai, ranar ƙafata ba ta taka ƙasa ba! Mutumin da bai taɓa ce mini madalla ba. Na ba da labarin a tasha har aka gaji, sunan ya bi ni, na sa aka rubuta Dabul a bayan babur. Yaya ya gani, ya yi murmushi, ya wuce.

Sai da ya shekara uku a ƙasa, 'yata Hajara ta dawo hutu daga kwaleji ta ji ina maimaita labarin.

"Baba, mi ya biyo bayan kalmar?"

Na ce kamar "in" na ji.

Ta sunkuyar da kai. Ta ce kalmomin Turanci biyu ne, kunnenmu ne ke jin su ɗaya. Guda ita ce ninki. Gudar kuwa, mai harafin b har biyu, ita ce ba ta nufin biyu, ji wani rikici. Ita ce "in" ke biyo wa baya, wato ita Yaya ya faɗa. Ma'anarta taɓa-taɓa: mutum ya tsoma hannu a sana'a bai shiga da gaske ba, kamar agwagwa na wasa a bakin tafki.

Na zauna na lissafa: fetur a galan, kabu-kabu, albasa, gyaran rediyo, kiwon zabi. Babu wadda na shekara biyu a cikinta. Wallahi na ji haushin Yaya, na ji kunya, har na kankare sunan daga babur. Amma kuma da kalmar nan ya fidda ni daga hannun hukuma. Shin dabara ce ya yi don a raina ni a sake ni, ko kuwa gaskiyar da ya kasa gaya mini da Hausa ce ya faɗa wa baƙo da Turanci? Murmushin nan fa, na tausayi ne ko na ba'a? Wanda zan tambaya yana maƙabarta.

Yau boda a rufe ta, gobe a buɗe, matasan Jibiya kowa da sana'a huɗu don dole. Da Yaya na nan, ko su ma dabul zai ce musu? Ban sani ba. Abin da na sani, tun ranar da Hajara ta yi maganar na kama ɗinkin buhu a kasuwar hatsi, shekara shida ban ɗaga ba. Ban san ko ƙaryata shi nake yi ko biyayya ba.

Makon jiya mai fenti ya zo rubuta allon rumfata. Ya ce, "Malam Dabul, b nawa za a sa?"

Na ce ya sa biyu, yadda Yaya ya faɗa. In ma zagi ne, daga bakin shi ya fito, kuma shi kaɗai ya rage mini da muryar shi a ciki.