Gyatsar Kawu Bawa

Ku da kuka zauna unguwarmu a Zuru kafin mulkin kai, ai ba sai na faɗa muku yadda Kawu Bawa Tela ke gyatsa ba. Kai jama'a! Yana suɗe hannu sai ka ji gaaat, kaji su watse, maƙwabta su ce Tela ya gama. Matarsa Inna Tani ba ta taɓa tambayarsa ko miya ta yi daɗi ba. Bayan zana take tsayawa tana ƙirga. Ɗaya, tuwo ya yi. Biyu, yau hannu ya faɗa daidai. Uku kuwa, shekara talatin ba ta samu ba. In ta yi ƙorafi sai ya ce, "Ukku? Sai ran da kinka ƙware."

Ashe gyatsar nan da wuta take tahowa. Ƙwannafi ne ya kama shi tun dawowarsa daga yaƙin duniya a ƙasar Bama, inda ya yi wa sojoji ɗinkin kaki. Kanwa yake yawo da ita a aljihu kamar goro. Da ya sunkuya kan keken ɗinki, ruwa mai tsami ya taso masa har hanci. A ƙarshe tuwo ma ya daina wucewa, sai kunu, Kawu ya rame har wandon da ya ɗinka wa kansa yana zamewa. Malamin asibitinmu ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai babban asibiti, kwana biyu a mota, akwai wani likita Bature mai yin tiyatar irin wannan. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ina koyarwa a elemantare, aka ce ai na iya Turanci, in bi shi in yi tafinta. Wane Turanci? Na 'yan aji biyu!

Likita ya zana wani abu kamar goran ruwa a takarda, ya yi ta bayani. Cikin goma na tsinci uku.

"Kawu, wai bakin tumbinka ne ya saki."

"Ya saki? Awa zariyar wando?"

Na mayar wa likita, sai ya buga tebur don murna. Ni da na fassara ban gane ba, su biyu sun gane. Ya ce zai naɗo saman tumbin ya kewaye bakin da shi, ya ɗinke.

"Ɗinki?" Kawu ya gyara zama. "Ashe tela ne! Tambaye shi wa ya koya mishi."

"Haba Kawu, likita ne fa."

"Ni ba ni ba mutum yadi sai na ga aikin hannunai."

Wallahi kafin in tare shi ya shige ɗakin majinyata, yana bin gado gado yana ɗaga wa mutane riga. Wani Bafulatani daga Danko da aka yi wa aikin gwaiwa ya yi tsuru-tsuru, ya ɗauka sabon likita ne. Kawu ya duba tabon, ya auna da ɗan yatsa, ya girgiza kai.

"Wanga ɗinkin buhu ne. Gaya mishi."

Na dubi Bature na ce kawuna yana yaba aikinsa ƙwarai. Bature ya washe baki.

"Mi ya ka ma dariya?" in ji Kawu. "An ce ba ka iya ba kana murna?"

Ya zaro ƙyalle da allura daga aljihun kanwa ya miƙa masa. Ni dai gumi nake. Abin mamaki, Baturen nan ya karɓa ya zauna ya ɗinka. Kawu ya warware. Bature ya sake, Kawu ya warware. A na uku ya ɗaga ƙyallen sama ya duba, ya ja shi da ƙarfi, ya ce, "To. Ba ni ba shi rigar ango, amma tumbi ya iya."

Da safen da za a shiga da shi ɗakin tiyata, ya damƙa mini baƙin zare ya ce in ba yaron, wato likita. Na ce ai suna da nasu.

"Na gani, fari ne. Fari na nuna dauɗa."

"Kawu, a cikin ciki? Wa zai gani?"

"Ni na sani ko?"

Aiki ya yi kyau, muka dawo. Ran da aka yarda ya ci tuwo, Inna Tani ta tuƙa na dawa mai laushi da miyar sure. Kawu ya share kwano tas, ya suɗe hannu. Ta tsaya bayan zana. Shiru. Kaji na ta kiwo abinsu.

Sai a lokacin wata maganar likita ta faɗo mini. Ya ce ƙofar da za ta hana wuta fitowa, tana iya hana iska ma. Na ji ta da kunnena, ban gane ba, na tsallake ta. Laifina ne, kuma na kasa faɗa.

Inna ta ƙara daddawa. Ta rage gishiri. Ta ari tukunyar maƙwabciya. Kawu yana ci yana dukan ƙirji, yana shan ruwa, yana miƙa wuya, babu ko ƙis. A kwana na biyar ta tare ni a ƙofar gida, ido jawur.

"Malam, gaya min gaskiya. Mi kunka baro can? Kun kai min miji mai magana, kun maido min wanda ba ya cewa komi."

Na yi mata bayanin tumbi da zariya, ta dube ni kamar mahaukaci. Ta daina cin abinci. Shi yana murmurewa, ita tana ramewa, ni na rasa wa aka yi wa magani.

Ashe Kawu yana lura da ita. Rannan da rana ya gama ci, ya miƙe tsaye, ya ƙame irin na soja, ya fuskanci zana, ya daka tsawa: "Gyatsa biyu!"

Kaji suka watse. Can sai muka ji muryar Inna daga ciki: "Biyu kawai?"

Haka aka zauna shekara goma sha ɗaya. Baƙo ya zo ya ruɗe, mu kam mun saba. In miya ta tsinke, ɗaya yake sanarwa, ba ya ƙari ko da Sallah.

Ciwonsa na ajali, ina wurin. Ta dama masa kunu a ruɗe, duk gudaji, ko tsamiya ta manta. Ya sha ludayi biyu da ƙyar, ya yafito ta da hannu. Ta kai kunne.

"Tani... ukku."

Ta riƙe ƙwaryar tana dariya, hawaye na zuba ciki. "Sai yau? Ga wanga kunu?"

Bai ƙara magana ba.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya sanyaya masa makwanci yadda ƙirjinsa ya sanyaya. Ya jiƙan Inna Tani, ya haɗa su inda tuwo ba ya ƙonewa. Ni kuma ya yafe mini tafintar da na yi. Amin.