Matuƙin da Bai Koma Gida Ba

Wata Alhamis, shekarar da nake aji biyar, baba ya ɗora mu a keken jaki zuwa hawasharmu, gonar audugar da ke bakin magudanar ruwa wajen Managil. Ina waiwayen rufin nadi, zauren taruwar jama'a, raina a ɓace. A can talabijin ɗaya tilo ta ƙauyenmu take, kuma saura 'yan kwanaki a gama shirin da muke kallo kullum bayan la'asar, na wani matuƙi da jirginsa ya ɓata tsakanin taurari. Duk yaran unguwa haka aka kwashe su cirar auduga. Da muka dawo bayan an gama cira, yatsu duk sun tsage, an gama shirin, tsofaffin da suka rage kuwa labarai kawai suke kallo.

Sai kawu Idirisu ya kawo mini littafin labarin daga birnin Madani. Larabcin littafi ya fi ƙarfin yawancinmu, don haka ni da ba na iya haɗa ido da mutane sai ga ni a gindin dalbejiya, bayan mun shayar da awaki, ina karantawa ina mayar wa yara da Hausa. Tun shafin farko zargi ya shigo. A littafin matuƙin yana da uwa, yana jin tsoro, har kuka yake yi, abin da ba mu taɓa gani a talabijin ba. Ni ma ban yarda da littafin ba, amma ko layi ban tsallake ba. Da na kai inda mai ya ƙare masa bai koma gida ba, Usmanu, babbanmu, ya miƙe: "Ya zol, kai mutumin nan, ƙarya kake! Kai ka kashe shi." Aka watse. Aka daina kirana ƙwallo, har a makaranta ana nuna ni da baki.

Sa'adiyya, ɗiyar gwaggona da ta fi mu duka karatu, ta karɓi littafin ta tafi da shi. Bayan 'yan kwanaki ta tare Usmanu a hanyar ɗiban ruwa, jarka a kanta, ta ce, "Ku ƙyale ɗan'uwana. Shi bai ƙara komai ba, littafin ne maƙaryaci." Aka mayar da ni cikin wasa, littafin kuwa ba wanda ya sake tambayarsa.

Yanzu yara suna kallon abin da suka ga dama a waya, su maimaita har su gaji. Kwanan baya ƙanena ya nemo mini kashin ƙarshe na shirin. Yana nan a wayata, ban buɗe ba. Ina tsoron in tarar littafin ya faɗi gaskiya.